Dutse ne ko maharbi? Gardama kan zanen Bowerman's Nose

Mai Gawayi: Jama'a, na gama zanen nan da gawayi. Bowerman's Nose ne, wato Hancin Bowerman, dutsen da ke tsaye shi kaɗai a Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila. Na ba shi ido da hula, don labarinsa ke nan: wai Bowerman maharbi ne da ya biyo zomo, ya kutsa cikin taron mayu ya kifar musu da tukunya. Ɗayarsu ta rikiɗa ta zama zomo, ta yi ta jan shi har cikin laka, suka mai da shi dutse. Karnukansa kuma wai su ne duwatsun Hound Tor. Ni dai a wurina, wanda ya zana dutsen nan bai sa maharbin ba, rabin aiki ya yi.

Ɗalibar Jiyoloji (ilimin duwatsu): Yaya, hannunka ya faɗa, amma ka yi wa dutsen ƙarya. Giranit ne, wato narkakken dutse da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce. Ruwa da ƙanƙara ne suka bi tsagoginsa suka cinye gefe-gefe, shi ya sa ya zama kamar an ɗora tubali kan tubali. Ka shafe tsagogin nan don ka sami kumatu, alhali su ne abin kallon.

Kawu: 'Yar nan, in tsaga kike so, ai ga kyamara.

Ɗalibar Jiyoloji: Kawu, ban ce a jefar da tatsuniya ba. Amma duba yadda tatsuniya ke rufe gaskiya a hanyar Postbridge, wani ƙauye a Dartmoor ɗin. A 1921, bayan wani likitan gidan yarin Dartmoor ya rasu a haɗarin babur, aka yi ta cewa wasu hannuwa masu gashi ne ke fizge kan abin hawa. Daga baya aka ɗora laifin kan karkacewar titin. Masu zane har yau hannuwan suke zanawa.

Mai Gawayi: To wa zai rataya zanen karkataccen titi a falonsa?

Malamar Zane: Ku dakata. Na ƙara girman hoton a waya, kuma matsalar ba ta maharbi ba ce, ta ido ce. Ɗana, mutanen da suka ƙirƙiro labarin nan ba ido suka gani ba. Tudu ne fetal, ba bishiya sai ciyawa da fadama, hazo ya sauko, sai ga wani dogon abu tsaye, ya fi mita 6. Tsoron daga rashin tabbas yake zuwa. Kai kuwa ka riga ka yanke wa mai kallo hukunci. Goge idon, mayar da tsagogin, ka murza gawayin da yatsa daga gindin dutsen har hazo ya cinye shi. Inuwar da ke ƙarƙashin hancin ta isa.

Kawu: Wato Malama ta raba gardama, kowa ya sha kashi.

Mai Gawayi: Idon zan goge, Malama. Hular kam tana nan.

Ɗalibar Jiyoloji: Bar ta, Yaya. Dama dutsen saman haka yake, kamar hula.