Don Allah a taimaka, Final Fantasy VII ya tsaya min a ƙarshen faifai na ɗaya

Salamu alaikum jama'a, masu harkar emuleta (manhajar buga gem na tsofaffin na'urori a waya ko kwamfuta) ku zo ku cece ni. Kwana uku ke nan ina fama.

Ina da fayafayan PlayStation 1 (PS1) na yayana tun lokacin da yake da gidan gem nan wajen Ƙofar Ƙaura, na tarar da su cikin kwali duk ƙura, wasu sun karce har ba su karantuwa, shi ya sa na kwafe masu rai a kwamfuta kafin su ƙarasa mutuwa. Ciki akwai Final Fantasy VII na 1997, mai faifai 3, ukun duka sun fita lafiya, kowane da fayilolinsa na bin (abin da ke cikin faifan) da cue (bayanin tsarinsa).

To na tura a waya ina bugawa da emuletar DuckStation, komai lau, sai da na gama faifai na ɗaya ya ce in saka na biyu. Na fita na buɗe na biyun daban, wallahi babu sebin ɗina, memori kad wayam kamar sabo, awa kusan 30 fa na ci a kai!

Wani ya ce in haɗa fayil na m3u in jera sunayen cue ɗin ciki don emuletar ta ɗauki fayafayan a matsayin gem ɗaya, na yi, amma baƙin sikirin kawai nake gani. Shin sai suna folda guda ne, ko sunayen ne na rubuta ba daidai ba? Kuma tsohon sebin ɗin zai dawo ko sai na faro daga Midgar, garin da gem ɗin yake farawa? In ma maida su chd (matsattsen fayil ɗaya a madadin bin da cue) ya fi, ku faɗa min yadda ake yi.