Aikin ƙarfi ma da dabararsa

A tattaunawar da aka yi kan aikin leburanci, an fi daɗewa a kan ɗaukar kaya: ka durƙusa, ka jawo kayan kusa da jikinka, ka miƙe da ƙarfin ƙafafu, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Masu haƙa sun ce nauyin diga ke yin sara, hannu saiti kawai yake yi. A baro, a tara nauyi saman taya. Mai farawa da gaggawa kuwa, kafin rana ta raba ya galabaita.

Shawarar da ta fi shiga raina: sabon shiga ya zura wa tsohon hannu ido, domin yawancin dabarun nan ba a faɗarsu da baki. An kuma ce a sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama.