Rediyon aika bayanai daga rijiyoyin burtsatse yana yankewa tun da damina ta faɗi: ƙarin ƙarfi ne magani?

Mai Kula da Ruwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin rediyon aika bayanai, irin wanda ake kafawa domin a sa ido kan injuna daga nesa. Ni ne ke kula da ruwa a wata gona da ke jihar Jigawa, inda muke da rijiyoyin burtsatse uku masu aiki da hasken rana, kowacce da tankinta, nisansu daga ofis kuma kilomita 4 ne, da 7, da 12. Abin da muke buƙata ba shi da yawa: mu riƙa ganin yawan ruwan da ke cikin kowane tanki, mu san ko famfo yana aiki, mu kuma iya kashe shi ko kunna shi daga ofis. Sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi a wajen, shi ya sa muka koma ga rediyo.

A lokacin rani an kafa mana rediyo biyu na gwaji tsakanin ofis da rijiyar da ta fi nisa, masu ƙarfin wat 1 a zangon megahaz 450. Eriyar kowane ɓangare tana kan turke mai tsawon mita 9, siririn kebul na RG-58 mai tsawon kusan mita 30 ne kuma ya haɗa ta da akwatin rediyon. Har ƙarshen bazara bayanai suna isowa lafiya, amma tun da ruwa ya sauka sai su zo su ɗauke, wani lokaci a yini ba a samu komai ba. Wanda ya kafa mana ya ce ruwan sama ne ke tare saƙon, don haka mu sayi mai wat 5. Wani ɗan kasuwa kuma ya nuna mana rediyon Amurka na megahaz 902 zuwa 928, mai sauƙin kuɗi, ya ce ba ya buƙatar lasisi. Wanne ya kamata mu bi kafin mu kashe kuɗi a kan sauran rijiyoyin biyu?

Tsohon Injiniyan Sadarwa ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka dakata da sayen mai wat 5 tukuna, domin ɗigon ruwan sama ba ya rage ƙarfin saƙo yadda za a lura da shi a megahaz 450. Wannan matsala ce ta zangon da ya haura gigahaz 10, kamar na tauraron ɗan adam. Damina tana cutar da irin hanyarka ta wasu fuskoki biyu. Na farko shi ne ruwa da ke shiga mahaɗin kebul a gindin eriya, ya bi cikin kebul ɗin a hankali har ya lalata shi. Na biyu shi ne ganye, domin bishiyoyin da suka kaɗe da rani sun sake tsirowa, kuma jiƙaƙƙen ganye yana shanye saƙo fiye da busasshen reshe. Gawo kuwa yana saɓa wa wannan, tunda shi da damina yake zubar da ganyensa.

Amma tushen matsalar yana nan tun ranar da aka kafa turakun, rani ne kawai ya rufa mata asiri. Saƙon rediyo ba ya tafiya kamar zare a miƙe daga wannan eriya zuwa waccan. Yana buƙatar fili kewaye da layin, wanda yake siriri a bakin kowace eriya, ya kumbura a tsakiyar hanya, ana kiransa yankin Fresnel. A tazarar kilomita 12 a kan megahaz 450, faɗinsa daga layin zuwa gefe a tsakiyar hanya ya kai kusan mita 45, ƙa'idar da injiniyoyi ke bi kuwa ita ce kashi 60 cikin ɗari nasa ya kasance babu komai a ciki, wato kusan mita 27. Ka ƙara da tudun da zagayen duniya ke haifarwa a tsakiyar wannan tazara, wanda ya kai kusan mita 2 ko da ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar ta Jigawa. Turke mai mita 9 bai ko kusa ba. Ba ina cewa sai ka gina hasumiya mai mita 30 ba, domin hanyoyi da yawa suna aiki ba tare da cikakken fili ba, ana dai biyan kuɗin hakan da ƙarfin saƙo. Amma duk mita ɗaya da ka ɗaga eriyar sama da kan bishiyoyi riba ce, kuma idan tankinka yana kan dogon ƙarfe, ka riga ka sami hasumiya kyauta.

Sai kebul, wanda a ganina shi ne babban ɓarawon. RG-58 mai tsawon mita 30 yana cinye kusan desibel 10 a wannan zango, ma'ana kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin rediyon ne kawai ke isa eriya. Kebul mai kauri na LMR-400 mai tsawo iri ɗaya bai kai desibel 3 ba. Bambancin kusan desibel 7 ne, daidai da abin da za ka samu idan ka tashi daga wat 1 zuwa wat 5. Kebul mai kyau ya ma fi, domin yana taimakon aikawa da karɓa duka, ana samun ribarsa a kowane ɓangare na hanyar, ba ya kuma ƙara wa batir nauyi. Ka tabbata na om 50 ne, kada a kawo maka kebul ɗin talabijin mai om 75 don ya fi araha.

A rijiyoyin ka sa eriyar Yagi, wato mai jerin sanduna da ke tattara saƙo zuwa fuska ɗaya, ta fuskanci ofis, a ofis kuma ka sa mai watsawa kowane gefe, tunda rijiyoyin ba a gefe ɗaya suke ba. Sandunan Yagi su tsaya a tsaye kamar yadda eriyar ofis take, domin idan ɗaya tana tsaye ɗaya tana kwance ana iya asarar desibel 20. Kafin a sauko daga turke a auna yawan ƙarfin da eriya ke maidowa baya, wanda ake kira SWR: ƙasa da 1.5 yana da kyau, sama da 2 kuwa akwai abin da ya lalace. A karanta ƙarfin saƙon da ke isowa a rubuta shi, a tabbata ya fi mafi ƙarancin da rediyon ke iya ji da aƙalla desibel 20. Wannan rarar ita ce za ta ɗauke ka ta damina.

Mai Harkar Sola ta amsa:

Na yarda da Injiniya a kan kebul da tsayin eriya, amma ina roƙon Malam ya duba batir kafin kowa ya hau turke, domin a wuraren da nake aiki wuta ce ta fi kashe irin waɗannan tashoshi. Da damina ana iya yin kwanaki a jere da gajimare, batir ba ya cika, rediyo kuma yana jan wuta sosai a daidai lokacin da yake aikawa. Mai wat 5 yana iya jan kusan amfiya 2 a kan bolt 12. Idan batirin ya gaji, ma'auni zai nuna lafiya yake matuƙar rediyon yana sauraro, amma da zarar ya fara aikawa wutar ta faɗi, na'urar ta mutu ta sake tashi. Daga ofis wannan yana kama da matsalar eriya. Ka lura da lokacin da bayanan ke ɗaukewa: idan da asuba ne, ko bayan yinin da rana ba ta fito ba, batir ne.

Kada rediyo da na'urar sarrafawa su dogara da farantan sola na famfo, su sami nasu faranti da batir da zai riƙe su aƙalla kwana uku ba rana. Zafi ma abokin gaba ne, domin batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 sama da digiri 25, akwatin ƙarfe da aka bari a rana a watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda cikinsa yake. A yi masa rumfa, a bar masa ƙofofin iska masu raga saboda ƙadangaru da zanzaro. Da hunturu a riƙa goge ƙura daga faranti.

Game da tsawa, a sa na'urar kariya a kan kebul ɗin a daidai inda yake shiga akwati, a haɗa ta da turken da akwatin zuwa sandar tagulla guda da aka kafa cikin ƙasa, da waya mai kauri, gajera, marar lanƙwasa. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta da kyau, saboda haka sanda ɗaya ba lallai ta isa ba. A naɗe kowane mahaɗi na waje da tef ɗin roba mai haɗewa da kansa, sannan a rufe da baƙin tef, a kuma lanƙwasa kebul ƙasa kaɗan kafin ya shiga akwati domin ruwa ya ɗige a waje.

Ɗalibin Injiniya ya amsa:

Ranku ya daɗe, ba a taɓa maganar rediyon Amurka ba, ita ce kuwa ta fi tayar mini da hankali. Zangon megahaz 902 zuwa 928 na kowa ne a Amurka da Kanada, amma Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta raba duniya yankuna uku, nahiyar Amurka tana yanki na biyu, Afirka da Turai suna na ɗaya. A wajenmu wayoyin salula na GSM suna aikawa zuwa hasumiya a kan megahaz 890 zuwa 915, wato rabin zangon wannan rediyo yana kan filin da kamfanonin waya suka biya kuɗin lasisinsa. Zai dami sabis ɗin mutane, su ma wayoyin za su dame shi, mai shi kuma ya karya doka. Shi ma na megahaz 450 ɗin ba a kunna shi haka kawai. Malam ya nemi wanda ya kafa masa ya nuna takardar izinin zangon, ya kuma tuntuɓi Hukumar Sadarwa ta Najeriya da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a kan izini da amincewa da samfurin na'urar kafin ya sayi nasa.

Mai Kula da Ruwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun duba bayanan da kwamfuta ta adana, yankewar ba ta da alaƙa da asuba, ta fi yawa bayan an yi ruwa, don haka za mu fara da mahaɗi da kebul, mu kuma mai da eriyar kan tanki, wanda tsayinsa ya kai mita 15. Maganar rediyon Amurka mun ajiye ta. Saura tambaya ɗaya, Injiniya: ko a ranar da saƙo yake da ƙarfi, manhajar ofis takan nuna cewa na'urar sarrafawa da ke rijiya ba ta amsa ba, alhali fitilar rediyon tana nuna an karɓa. Da Modbus suke magana, wato tsarin da manhajar ke tambaya da shi, na'urar kuma ta amsa.

Tsohon Injiniyan Sadarwa ya sake amsawa:

Wannan saiti ne, Malam, ba eriya ba. Kamfanin Modicon ya fito da Modbus a shekarar 1979 domin na'urorin da waya ke haɗawa, inda amsa ke dawowa nan take. A nau'insa da ake kira RTU, shiru na tsawon haruffa uku da rabi shi ke nuna saƙo ya ƙare. Rediyo kuwa yana tara bayanai, ya aika su gunduwa-gunduwa, wani lokaci ya maimaita, saboda haka amsa takan makara, ko ta iso da giɓi a tsakiya har manhaja ta ɗauka saƙo biyu ne gurɓatattu. Ka duba ko rediyon yana da saitin Modbus na musamman wanda ke riƙe saƙo har ya cika kafin ya miƙa shi, ka kunna. Ka tsawaita lokacin jiran amsa zuwa daƙiƙa 2 ko 3, ka ba da damar maimaita tambaya sau biyu ko uku, ka kuma tabbata saurin aika bayanai ta wayar da ta haɗa su, misali 9600, da sauran saitinta iri ɗaya ne a rediyo da na'urar sarrafawa. Idan rijiyoyin uku suka hau, kowacce ta sami lambarta daban tsakanin 1 da 247, ofis kuma ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan tanki ba ya canzawa cikin daƙiƙa, tambaya sau ɗaya a minti ta wadatar, tana kuma rage wa batir aiki kamar yadda Hajiya mai harkar sola ta yi bayani.

Tunda kuna son kunna famfo daga ofis, akwai abu biyu da ba zan so ku tsallake ba. Modbus ba ya tantance wanda ya ba da umarni, duk wanda ya sami rediyo irin naku ya hau zangonku zai iya kashe muku famfo, don haka ku sayi mai ɓoye saƙo da tsarin AES, ku canza kalmar sirrin da ya zo da ita. Sannan kada tsayawar famfo ta rataya a kan rediyo. A sa makunni mai yawo a kan ruwa a cikin tanki wanda zai kashe famfo da kansa idan tanki ya cika, da kariyar da za ta tsai da shi idan ruwan rijiya ya ja baya, a kuma tsara na'urar sarrafawa ta san abin da za ta yi idan ta daɗe ba ta ji daga ofis ba. Idan kun mai da eriyar kan tanki, ka rubuto mana ƙarfin saƙon da kuka karanta kafin da bayan canjin, daga nan za a gane ko ita ma eriyar ofis tana buƙatar ɗagawa.