Ƙaramin tebur marar nauyi irin na tsakiyar ƙarni na 20: za a iya yin sa a Katsina?

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar katako. Mahaifiyata ta dawo gidana da zama, kuma ita ba ta hawa kushin. A kan darduma take zama ta jingina da bango, kofin shayinta da carbinta da magungunanta duk a ƙasa, inda jikoki ke yawan kifar da su. Teburin gilashin da ke tsakiyar falo ya yi mata nisa, ya kuma yi nauyin da ba za ta iya matsar da shi ba. Na ga hotunan wasu ƙananan tebura masu siraran ƙafafu, waɗanda aka ce salon tsakiyar ƙarni na 20 ne, sun kuwa kwanta mini a rai. Shin kafintocinmu za su iya fitar da irinsu ba tare da suna rawa ba, kuma da wane katako?

Malamin zanen gine-gine

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa kula da Hajiya. Wannan salo ya yi tashe ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa shekarun 1960, musamman a Amurka da Denmark, lokacin da aka yi ta gina ƙananan gidaje, jama'a suka koma son kayan ɗakin da ba sa cinye wuri. Abin da ka kwatanta ya yi daidai da teburin da Charles Eames da matarsa Ray suka tsara a 1950, wanda kamfanin Herman Miller ke yi da sunan LTR. Tsayinsa inci 10 ne, wato kimanin santimita 25, samansa filawud ne da aka lulluɓe da fomaika, ƙafafunsa kuma siririn ƙarfe ne da aka haɗa da walda. Su kansu a gidansu na Kaliforniya sun yi amfani da shi wajen shan shayi irin na Japan, ana zaune a ƙasa, don haka ya fi dacewa da zamanmu. Akwai kuma mai ƙafa ɗaya na Eero Saarinen da kamfanin Knoll ke yi, sai dai gindinsa alminiyon ne da ake narkawa a zuba, ya kuma yi wa mai zaman ƙasa tsawo.

Tsohon kafinta, Sabuwar Unguwa

Malam ya yi bayani mai kyau, ni kuma ga abin da hannuna ya sani. Ɗana, za a iya yin sa, amma kada ka yarda a yi maka da ɗanyen katako, domin da hunturu ya shigo zai tsage, haɗin ya saki. Nemi madaci wanda ya bushe sosai. Ka guji allon nan na garin katako da aka matse, don ko ruwan shayi ya shige shi sau biyu zai kumbura.

Ƙarfin irin wannan tebur yana wurin ƙafa. A fere ta da kauri a sama, ta sirance zuwa ƙasa, a ɗan buɗa ta waje, sannan a huda katakon a shigar da ita da gam, ba a buga ƙusa a rufe da folish ba. Za ka ga masu ƙafa uku da yawa a hotuna, kuma gaskiya ne ba sa rawa ko daɓe bai daidaita ba. Duk da haka ban ba ka shawararsu ba. Tsohuwa idan za ta miƙe, abin da ke kusa da ita take dafawa, kuma mai ƙafa uku yana kifewa idan aka danna gefensa. Yi mata mai huɗu.

Uwar gida daga Daura

Baba ya faɗi gaskiya game da dafawa. Nawa na ƙarfe ne, mai walda ya yi mini, kuma da hannu ɗaya nake ɗaukarsa, amma bakin ƙafafunsa ya yaga mini ledar ɗaki kafin na sa a toshe su da roba. Ka kuma ce a yi wa saman ɗan baki a kewaye, ko da kaurin yatsa ne, saboda kwalbar magani kada ta gangaro idan Hajiya ta ja shi.

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna daga darduma zuwa gwiwar hannunta tana zaune, na sami santimita 24, don haka tsayin da Malam ya ambata ya yi. Baba, ranka ya daɗe, ta yaya zan gane madacin ya bushe tun a wurin masu sayar da katako, kafin in biya kuɗi?