Wace roba zan saya don ciyar da mesata?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Ina kiwon ƙaramar mesa, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, ba ta kai mita 1 ba. Jiya ta haɗiye ɓera har da dusar katakon da na shimfiɗa mata. An ce in nemi mazubi daban na cin abinci. Wane iri?

Kawu na Marwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Nemi roba mai faɗi, mai duhu, wadda murfinta ke kamawa gam, don mesa da kai take ture murfi. Ka ɗora ƙusa a wuta ka huda gefe-gefe, ka goge bakin hujin kada ya yanke mata hanci. A ƙasa jarida kawai. Kuma da dare, a inuwa. Zafin Garwa a watan Afrilu yana wuce digiri 40, rufaffiyar roba tanderu ce.

'Yar Ngaundere: Kawu, a gafarce ni, ni na daina wannan. Matsalar wajen mayar da ita ɗakinta ce bayan ta ci. Na taɓa ɗaga tawa cikinta ƙato, washegari na tarar ta amayar da ɓeran, wari har tsakar gida. In ta ci, sai an bar ta kwana 2 ba a taɓa ba. Yanzu a ɗakinta nake ba ta, in ajiye faranti mai faɗi a kan shimfiɗar, in miƙa mataccen ɓera da awartaki. Ba dusa, ba ɗauke-ɗauke.

Ɗan Garwa: Yaya, ba za ta saba ta riƙa kai wa hannuna sara ba?

'Yar Ngaundere: Ƙanena, wari da ɗumi take bi, tana da 'yan ramuka a leɓe masu jin ɗumin jiki. Wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ɓera, shi ke nan.

Kawu na Marwa: Ta fi ni gaskiya a nan. In dai sai ka yi robar, sayi wadda za ta shiga cikin ɗakin mesar, in ta gama ka buɗe ta fita da kanta.

Na Kuseri: Kada dai ka ari bahon uwargida! Kashin maciji na ɗauke da salmonela, ƙwayar cuta mai sa mutum gudawa, robarta tata ce ita kaɗai. Kuma ɓera mai rai, in ka bar su ba ido, shi zai cije ta.

Ɗan Garwa: Na gode. Zan fara da farantin, akwai wani tsohon tire da aka daina amfani da shi. Kwana 10 zan jira kafin in sake ba ta abinci, ko mako?

Kawu na Marwa: Goman. In ka ga idonta ya yi fari-fari, saɓa za ta yi, ƙyale ta sai ta gama.