Muhawara: A gina babbar kwamfuta ta ƙasa, ko a ci gaba da haya?

Injiniya Buhari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: gina cibiyar babbar kwamfuta ta ƙasa domin masu bincike a Najeriya, a halin da ake ciki, zubar da kuɗi ne. Gara a ba mai bincike kuɗin haya a Amazon ko Google ko Microsoft, ya yi lissafinsa ta intanet ya tashi. Hujjata wuta. Frontier ta Oak Ridge a Amurka, wadda ta fara haye lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya a 2022, tana shan kusan megawat 21. Ku bar wannan ma, ku ɗauki 'yar ƙarama mai nod 100, wato kwamfutoci 100 da aka haɗa su yi aiki tare, kowane nod na cin wat 600. Kilowat 60 ke nan. A ƙara rabin haka na sanyayawa, ya zama 90, dare da rana, wato kilowat-awa 788,400 a shekara. In janareta ne zai ɗauka, ana maganar lita 27 na dizal a awa, kusan 650 a yini. Bayan shekara biyar kuma na'urar ta tsufa.

Dakta Asma'u: Wa alaikumus salam. Lissafin wutarka ba gyara, Injiniya. Amma ka ɗauka duk aiki iri ɗaya ne. Ɗauki hasashen ruwan sama a kwarin Rima da manhajar WRF. Ana yanka sararin sama gida-gida. In kowane gida kilomita 12 ne, hadarin da ke tasowa da la'asar ya zuba ya wuce bai cika gida ɗaya ba, sai dai a kintace shi. Kafin lissafi ya ga hadarin da kansa, sai an sauko ƙasa da kilomita 4. To duk sanda ka raba faɗin gida biyu, gidaje sun ninka huɗu, takun lokaci kuma ya ragu da rabi, domin ƙa'idar ita ce daƙiƙa 6 ga kowace kilomita. Aiki ya ninka takwas. Daga 12 zuwa 3 ya ninka 64. Kuma a kowane taku sai kowane nod ya miƙa wa maƙwabcinsa bayanan bakin iyakarsa kafin a ci gaba. Shi ya sa ake haɗa su da InfiniBand, mai isar da saƙo cikin kashi ɗaya ko biyu bisa miliyan na daƙiƙa. Kan wayar sadarwa ta ofis, nod 50 sai su ɓata lokacinsu wajen jiran juna. Wanda ya ga ambaliyar Goronyo ta 2010 ya san amfanin hasashen da ya iso da wuri.

Injiniya Buhari: Dakta, masu haya ma suna da wannan. Azure ta Microsoft na ba da nod masu InfiniBand, Amazon na da nata hanyar mai sauri.

Dakta Asma'u: Suna da shi, da dala. Dalar da take wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Mai tallafin bincike na naira ya tsara aikin shekara uku, kafin shekara ta zagayo kuɗin sun koma na wata goma sha biyu. Sannan shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa kusan senti 9 kan kowane gigabait. Kwaikwayon damina 30 yana iya haifar da terabait masu yawa.

Malam Nasiru: Ni a ɓangarenmu na ƙwayoyin halitta ina bayan Injiniya da rabi. Samfur 200 na ƙwayar sanƙarau, kowanne aikinsa daban, babu mai jiran wani. Ba ruwanmu da InfiniBand. Abin da muke nema ƙwaƙwalwa mai faɗi da rumbun ajiya. Irin wanga aiki haya ta dace da shi: ka kunna, ka gama cikin kwana biyu, ka kashe. Inda na rabu da shi biyu ne. Na farko nauyi: jerin halittar mutum ɗaya da aka karanta sau 30 yana kai gigabait 100, mutum goma terabait guda, kuma tura terabait a layi mai megabit 100 awa 22 ne, in layin bai yanke ba. Na biyu amana. Bayanan halittar majiyyaci ba kayan da za a tura ƙetare haka kawai ba ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa, kwamitin ɗa'a ma zai tambaya ina za a ajiye su.

Farfesa Umaru: Ku ba ni dama. Ana ta maganar ƙarfe, alhali abin da ke mayar da na'ura cibiyar ƙasa shi ne tsarin rabo da mutanen da ke tsaye a kanta. Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyarta ta ƙasa, CHPC, a Kef Tawun a 2007, ta ƙaddamar da babbar kwamfutar Lengau a 2016, daga baya aka faɗaɗa ta har ƙwayoyin lissafinta, wato ƙananan sassan da ke yin lissafi cikin kowane nod, suka kai wajen dubu 33. Malamin ƙaramar jami'a can bai sayi komai ba. Yana rubuta buƙata: ga tambayar binciken, ga manhajar, ga awannin da nake so. Ana auna rabo da awar ƙwaya, wato ƙwaya 128 ta yi awa 10 ka ci 1,280. Manyan cibiyoyi ba su ba ka rabo mai tsoka sai ka nuna gwajin faɗaɗawa: ka gudanar da aiki ɗaya kan ƙwaya 32, sannan 64, 128, 256, a ga inda saurin ya daina ƙaruwa. Dalili kuwa, in kashi 5 cikin ɗari na aikin ba ya rabuwa, ko ƙwaya miliyan aka ba ka saurin ba zai wuce ninki 20 ba. Ɗalibin da aka miƙa wa katin haya babu mai gaya masa wannan. Zai kunna ƙwaya 500 ya biya kuɗin 500, aikin ƙasa da 20 yake samu. Mu masu nazarin sinadaran farantin sola da manhajar Quantum ESPRESSO mun fi kowa sanin haka, tunda ninka yawan atom sau biyu yana ninka aikin kusan sau takwas, kuskuren saiti ɗaya sai ya cinye rabon wata guda. A cibiya akwai wanda aikinsa ke nan, ya duba fayil ɗinka ya ce rage nan, ƙara can. Maroko ma ta bi wannan hanya da Toubkal a jami'ar Mohammed VI da ke Bengerir, mai fiye da petafulof 3, wato lissafi miliyan 3 sau biliyan a daƙiƙa ɗaya.

Injiniya Buhari: Ranka shi daɗe, ai Afirka ta Kudun ma ta sha fama da ɗauke wuta, balle mu da babban layin ƙasa ya durƙushe sau da dama a 2024. Aikin awa 40 wuta ta ɗauke a awa ta 39, mi ya rage?

Hajiya Rabi: Abin da ya rage shi ne zangon ƙarshe da ka ajiye, ƙanena. Duk manhajar kirki tana iya rubuta halin da take ciki a faifai, a ce duk awa ɗaya ko biyu, in an tashi ta ɗora daga nan. A WRF layi biyu ne cikin fayil ɗin saiti. Batirin UPS kuma ba don ya riƙe na'ura yini aka sa shi ba, minti 10 zuwa 15 ne, janareta ya kama ko a kashe rumbun ajiya cikin tsari. Rumbun shi ne abin tsoro, don nod in ya mutu ana tayar da shi, amma Lustre, tsarin da ke riƙe fayilolin rumbun, in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, gyaransa na iya cin kwanaki.

Kuma yawancin abin da ke lalata aiki ba wuta ba ne. Mutum ya shiga ta SSH, hanyar ba na'ura umarni daga nesa, ya kunna lissafinsa a nod ɗin shiga maimakon ya miƙa wa Slurm, manhajar da ke jera ayyuka a layi, da umarnin sbatch, sai kowa ya kasa shiga. Wani ya nemi awa 24 aikinsa na buƙatar 25, Slurm ya yanke shi babu sallama. Wani don tsoron haka ya nemi awa 96 ga aikin awa 3, ya kwana uku a layi, alhali da ya faɗi gaskiya da an cusa shi a wata 'yar kafa tun da safe. Wani ya zuba ƙananan fayiloli miliyan biyu, rumbu ya yi nauyi ga jama'a duka, don an gina shi ne domin manyan fayiloli. Wani ya bar sakamakon digirinsa a ma'ajiyar wucin gadi da ake sharewa lokaci-lokaci. Maganin duk wannan horo ne da ma'aikata huɗu ko biyar da suka san aikin, ana biyansu abin da zai zaunar da su. In za a yanke kasafi, a rage nod, kada a rage su.

Malam Nasiru: To Hajiya a ina za a kafa ta? Nan Sakkwato da zafin Afrilu ke wuce digiri 42?

Hajiya Rabi: Iskar da ke shiga na'ura ana son ta tsakanin digiri 18 da 27, don haka sanyaya da iska a nan tsada ne. Ga ƙurar hunturu, mai toshe matata cikin 'yan makonni, fanka ta yi ta ihu, na'ura ta rage gudu da kanta. Akwai sanyayawa da ruwa mai ɗumi, babbar kwamfutar SuperMUC ta Jamus ta yi aiki da ruwan da ya kai digiri 40, amma sai iskar waje ta fi ruwan sanyi kafin ta karɓi zafin. A bazararmu sai an haɗa da feshin ruwa. Yana aiki sosai saboda bushewar iska, sai dai yana shan ruwa.

Dakta Asma'u: Ai ba dole ta zauna kusa da mu ba. Turawa sun kai babbar kwamfutarsu LUMI garin Kajaani na Finlan, cikin tsohuwar masana'antar takarda, saboda wutar ruwa da sanyi, zafin da take fitarwa ma yana ɗumama gidajen garin. Tamu a kai ta kusa da Shiroro ko Kainji, ko saman Jos. Abin da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke buƙata layi ne mai ƙarfi. NgREN, hanyar sadarwar jami'o'in Najeriya, ta fara da jami'o'in tarayya 27 a 2014, wannan hanyar ce ya kamata a faɗaɗa. Umarni ta SSH ba ya cin komai, a tace bayanai can, a sauko da taswira da jadawali kawai.

Injiniya Buhari: Na karɓi maganar dala da ta amana. Amma ban sauka ba. Na'urar da ka mallaka tana fin haya araha ne kawai in tana cike da aiki mafi yawan shekara. In rabinta na zaune, kana ƙona dizal a banza. Wa ya ƙirga masu binciken da ke da aikin da ya wuce nod huɗu? A fara da ƙirgar.

Farfesa Umaru: Takardar tambaya ba za ta ba ka wannan adadi ba, Injiniya, don wanda bai taɓa samun na'ura ba yana yanka tambayarsa daidai da laftof ɗinsa. A kafa nod 20 zuwa 30, a buɗe wa dukan jami'o'i, hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta ɗauki nauyin gudanarwa na shekara uku ba saye kaɗai ba. Kayan ma ba lallai sababbi ba: da aka sauke babbar kwamfutar Ranger ta Tekzas a 2013, an rarraba sassanta zuwa Afirka ta Kudu da Botsuwana da Tanzaniya, ɗalibai suka koyi aiki a kansu. Slurm na rubuta komai, wa ya nema, nod nawa, ya jira awa nawa. Aikin da ya yi wa ƙaramar yawa a tura shi haya, a rubuta kuɗinsa.

Injiniya Buhari: Da sharaɗi ɗaya, ranka shi daɗe: a sa mita ta daban kan na'ura, wata kan sanyayawa, a riƙa buga karatunsu duk wata tare da tsawon layin jira. In shekara biyu ta cika amfani bai kai kashi 70 ba, kada a ƙara ko nod ɗaya.

Hajiya Rabi: A ƙara da adadin ayyukan da suka mutu kafin su gama da dalilin kowanne, wuta ce, zafi ne, ko kuskuren mai aiki. Umarnin sacct na fitar da jerin waɗanda suka mutu, dalilin kuma sai ma'aikata sun bi ɗaya bayan ɗaya.