Injin ban ruwana: dole ne in riƙa ba da aro?

Manomin Rani, Dadin Kowa: Salama a gare ku. Ina da injin ban ruwa guda ɗaya, da shi nake noman tumatir da albasa. Wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu kullum yana zuwa aro, ba ya zuba mai, ranar da ya lalace kuma ni na biya gyara. In na yi niyyar hana shi sai in tuna Ayyukan Manzanni 4:32, inda masu bi ba sa ce da kayansu nasu ne. Shin hanawa zunubi ne?

Baba Dattijo, Billiri: Ɗana, ka ci gaba zuwa 5:4. Bitrus ya nuna wa Hananiya, wanda ya sayar da fili ya kawo wa manzanni wani kashi na kuɗin kamar shi ne duka, cewa filin nasa ne, kuɗin ma suna hannunsa. Ƙarya ce ta kashe shi, ba mallaka ba. Ba a tilasta wa kowa ba. Kuma 1 Timoti 5:8 ta ɗora maka ciyar da iyalinka, injin nan kuwa shi ne abincinsu.

Maman Yara, Kaltungo: Baba, gaskiya ne, amma ni ina jin tausayin mai aron. Wataƙila kunya ce ta hana shi cewa ba shi da kuɗin mai. Ɗan'uwa, ka taɓa tambayarsa? Albasarsa ma ƙishi take ji.

Manomin Rani: Ban taɓa ba, Mama.

Maman Yara: To ku zauna. Ka ware masa rana biyu a mako, ya biya mai bayan girbi. In ya gagara, ka sanar da dattawan ikkilisiya su taimaka masa.